Bindigar Baffa, da yadda na kashe ta da hannuna

Duk inda maharba suka zauna, a gindin tsamiya ne ko a teburin mai shayi ranar kasuwa, in hira ta gangaro kan bindiga sai ka ji wani ya ce, "Ai ƙarfen da shi ne ƙarfe, na yanzu gwangwani ne." Ni ma na yi shekaru ina faɗin haka, har da buga ƙirji. Maganar nan ta ci min bindigar gado, ta ci min kuɗin bijimi, kuma saura ƙiris ta tafi da yatsun hannuna na hagu. Shi ya sa nake so ku samarin da kuka fara ɗokin farauta ku ji labarin daga bakina.

A ƙasar Haɗejiya na tashi, ƙauyenmu na bakin fadama. Baffana, ƙanin mahaifina, yana da bindiga mai baki biyu ƙirar Birmingham ta Ingila. Ya saye ta ne a hannun wani Bature mai sayen gyaɗa a Malam Madori, lokacin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru yake tashensa. Ban taɓa ganin abin ƙarfe da ya zauna daram kamar bindigar nan ba. In Baffa ya karya ta ya sa harsashi ya mayar, ƙarar rufewarta guda ce tak, ƙyas, kamar an rufe sabon kwaɗo. Tsakanin bututun da jikinta ko gashi ba ya shiga. Duk ranar da ya dawo daga fadama, kafin ya taɓa tuwo sai ya zura tsumma a cikinta da siririyar sanda, ya ɗaga ta saitin fitila ya leƙa, ya shafa mai ɗan kaɗan. Harsashinsa kuma iri ɗaya ne, mai kwanson takarda, a cikin wani gwangwanin biskit yake ajiye shi, kuma ko abokinsa ne ya miƙo masa wani iri a daji ba ya karɓa. Ni a lokacin na ɗauka tsirfa ce irin ta tsofaffi.

Da Allah ya karɓi abinsa, bindigar ta dawo hannuna ina ɗan shekara 27. Na yi zirga-zirga har aka yi min lasisi da sunana, don dokar makamai ta 1959 ba ta san gado ba, wanda duk aka kama da bindiga babu takarda sunansa mai laifi. Wannan kaɗai na yi daidai.

Harsashin Baffa bai daɗe ba ya ƙare. Na sayo na roba irin wanda kowa yake harbawa, ja, mai lamba 12 kamar yadda bindigar take. Na zura, ya shige sumul, na rufe, ta rufu. Na ce shi ke nan. Sai dai na lura dukan da take min a kafaɗa ya fi na da, wani lokacin kwanson ya fito bakinsa a yage. Maimakon in tsorata sai na ji daɗi, ina ce wa abokai, "Kun ji ƙarfin ƙarfen da ko?"

Abin da ban sani ba, kuma har yau maharba da yawa ba su sani ba, lamba 12 faɗin bututu kawai take nufi. Akwai kuma tsawon ɗakin da harsashi yake kwanciya a gindin bututun. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila ɗakinsu inci 2½ ne, wanda ake kira milimita 65. Harsashin da ya cika kasuwa yanzu milimita 70 ne, akwai ma na 76. Tsawon nan kuwa ana auna shi ne bayan an harba, bakin kwanson ya buɗe. Kafin harbi bakin a naɗe yake, don haka na 70 zai shige ɗakin 65 ba gardama. Sai kunama ta tashi, bakin ya nemi wurin buɗewa ya rasa, ya buɗe a inda bututun ya fara tsukewa, ƙwayoyin dalma su kutsa ta ƙuntatacciyar hanya. Ga shi kuma harsashin zamani galibi ya fi na da nauyin dalma da zafin albarushi. Harbi ɗaya ba zai nuna komai ba. Ni na yi mata haka shekara da shekaru, duk hunturu, kan kirinjijiya da dinya da zabin daji.

Na haɗa da wata wautar. Don ƙauna, sai na riƙa ɗura mata man inji har yana ɗiga, in jingine ta a lungu bakinta sama. Man ya riƙa gangarowa yana shiga katakon gindinta, daidai inda ya haɗu da ƙarfe. Katakon da ya sha mai laushi yake yi kamar rogon da ya dahu. Wurin ya yi baƙi, tsaga ta fito. Da damina kuma, tunda ba a fita, sai in manta da ita wata uku a ɗakin da ke yoyo. Waje yana sheƙi da mai, ciki tsatsa tana cin abinta.

Ranar da na ji tana ƙwas-ƙwas in na girgiza ta, kuma siririn ƙarfen da ke kwance tsakanin bututun biyu ya ɗaga daga gaba, sai na kai wa wani mai walda a garin da muke cin kasuwa. Ba laifinsa ba ne, garma da ƙofa ya sani, ni na kai masa abin da ba nasa ba. Ya bubbuga maƙalar da ke riƙe bututun a jikin bindigar da guduma har girgizar ta ɓace, ya hura wuta ya liƙe ƙarfen da ya ɗaga. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Bututun irin waɗannan bindigogi da dalma aka haɗa su, wadda wuta kaɗan take narkarwa. Zafin walda ya narkar da sauran haɗin, ya kuma taɓa ƙarfen bututun kansa.

Wani abokin Baffa ne ya matsa min na kai ta Kano, wajen wani dattijo da ya yi aikin gyaran makamai na gwamnati har ya yi ritaya. Ya karɓa bai ce komai ba. Ya cire katakon gaba, ya raba bututun da jikin, ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa da bayan farce. Ya ce, "Ka ji? Mai lafiya amo yake yi kamar ƙararrawa. Wannan kuwa kamar fasasshiyar tukunya." Ya juya ƙasan bututun, ya goge da babban yatsa, ya nuna min wasu ƙananan tambura da ban taɓa kulawa da su ba. A cikinsu ga 2½ ɓaro-ɓaro.

Na ce, "Baba, ai ƙarfen da ne, ba abin da zai same shi."

Ya dube ni ya ce, "Yaro, ƙarfen da ne a da. Leƙa nan." Na leƙa saitin taga. Cikin bututun hagu duk ramuka ne ƙanana kamar fuskar wanda ya yi agana. Ya ce kowane rami ƙarfe ne da ya tafi ba zai dawo ba, kuma bututun bindigar tsuntsu dama can siriri ne, a tsakiyarsa kaurin bai kai milimita ɗaya ba. Ya ce in rataye ta don tunawa da Baffa, kada in sake harba ta.

A bakinsa na fara jin yadda ake ƙera su. A Birmingham akwai gidan gwajin bindiga tun 1813, kuma doka ta hana sayar da wadda ba a gwada ba. Ana ɗura mata abin da ya fi ƙarfin harsashin da za ta riƙa ci, in ta jure a buga mata tambari. A Beljiyam ma haka, tambarin birnin Liyej haruffa uku ne, ELG. Maƙeran can da hannu suke daidaita komai. Sai su turara ƙarfe da hayaƙin fitila ya yi baƙi, su haɗa, su buɗe, inda baƙin ya goge nan ne ya yi tudu, su rage da zarto, su sake turarawa, har ya zauna. Wannan ce rufewar da nake ji a hannun Baffa. Gaskiya ne aikin ya kai aiki. Amma tambarin shaida ne kan ranar da aka buga shi, bai san abin da shekara 60 ko 70 na tsatsa da sakaci suka yi ba. Kuma da yake hannu ne ya daidaita ta, in wani abu ya karye a ciki ba za ka ciro na wata ka sa ba, sai an ƙera sabo. Ya ƙara da cewa akwai waɗanda suka fi tawa tsufa, masu zane a jikin bututu kamar igiyar ruwa, waɗanda aka murɗa ƙarfe biyu aka naɗe aka ƙera. Na zamanin baƙin albarushi ne irin na bindigar toka, bai kamata harsashin yanzu ya kusance su ba.

Ya faɗi wata magana da ta zauna min. Ya ce bindigogin banza ma an yi su a da, jibgi guda, masu araha da ake turowa ƙasashenmu. Sun fashe, sun ruɓe, an manta da su. Masu kyan ne suka rage, mu kuma muka ɗauka duk na da haka suke.

Na ji, na gode, na dawo gida. Hunturu na zagayowa, agwagin ruwa suka sauka a fadama, zuciya ta ce min da tsohuwar zuma ake magani, harbi ɗaya dai. Da asuba ne, ina tsugune cikin kacalla. Na ja kunamar baya. Abin da na sani kawai kunnena ya toshe, hannuna na hagu ya yi zafi kamar na dafa garwashi. Bututun hagu ya tsage ta gefe kamar an ɓare rake, tazarar yatsa biyu daga inda na riƙe. Wani ɓarɓashin ƙarfe ya yanka min tafin hannu daga gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu. Da rawanina na ɗaure, wani mai su ya goyo ni a keke zuwa asibiti. Tabon yana nan, kuma kunnena na hagu har yau sai an ɗaga murya.

Daga nan sai na tuma can ɗaya gefen. Na ce ni da tsohuwa har abada. Na sayar da bijimi na sayi sabuwa dal, jikinta fari fat da zanen furanni da agwagi, katako yana ƙyalli. Ban tambayi wace masana'anta ta yi ta ba, ban nemi tambarin gwaji ba, ido kawai ya saya. Kyan ɗan maciji. Zanen na inji ne, katakon fenti ne ya rufa masa asiri. Kafin hunturu biyu allurar da ke dukan gindin harsashi ta karye, na nemi madadinta har na gaji.

Kada wannan ya sa ku ce sabuwa ba ta da kyau, don zai zama na ɗora ku a kan kuskurena na farko. Ƙarfen bututu na yanzu, a masana'antar kirki, ya fi na da tsabta da juriya. Injin da kwamfuta ke sarrafawa yana yanka abu dubu ba wanda ya saɓa da ɗan uwansa, shi ya sa kayan gyara suke shiga ba sai an sa zarto ba. Da yawa ana shafe cikin bututunsu da kurom, wani farin ƙarfe mai sheƙi, tsatsa ba ta kama shi da wuri, abin da mu mutanen fadama muka fi kowa bukata. Turkiyya kaɗai, a yankin Konya, akwai garuruwan da sana'arsu ke nan, suna fitar da mai kyau suna fitar da ta araha. Inda ake rage kuɗi a ciki ne, wajen ƙananan ƙarafan da ido ba ya gani da kuma yadda aka gasa su, sai a rufe da ado a waje. Wadda nake riƙe da ita yanzu Baikal ce mai baki ɗaya, ƙirar Izhevsk ta Rasha. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, kunamarta da tauri, amma an rubuta 70 a jikinta, ni ma 70 nake ba ta, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

In ɗayanku ya sami lasisi zai saya, tsohuwa ce ko sabuwa, ya bar tambayar shekarunta. Ya cire katakon gaba ya riƙe ta a gindi ya girgiza, in ya ji motsi tsakanin bututu da jiki to ta saki. Ya leƙa ciki saitin haske, ya bi wajen da yatsa a hankali ko zai ji kumburi ko lotsawa. Ya juya ƙasan bututun ya karanta lambar ɗakin, ya gwada da wadda ke jikin kwalin harsashi. In bai iya karantawa ba ya kai wa wanda aikinsa ke nan, ba mai walda ba. A gida a ajiye ta babu harsashi, bakinta ƙasa, a kulle inda yara ba sa kaiwa, nesa da bangon da gara ke bi. A fadama kuwa, duk sanda ka yi tuntuɓe ko bakinta ya taɓa ƙasa, karya ta ka leƙa, don laka cikin cokali ta isa ta fasa sabuwa fil kamar yadda tawa ta fashe. Ku kuma bar Baturiya da dajin Falgore, wuraren da gwamnati ta keɓe ne, ku bar tsuntsu da damina yana kan ƙwai.

Gawar bindigar Baffa na miƙa ta ga 'yan sanda aka soke takardarta. Gwangwanin biskit ɗin ne ya rage a wajena. Kwanaki jikana yana bincike ya buɗe shi, ya ciro tsohon kwalin harsashin Baffa na ƙarshe, babu komai a ciki, takardar ta yi ja. Ya ce, "Kaka, mene ne wannan biyu da rabi da aka rubuta?" Na karɓa na duba. Ga shi nan da manyan baƙi a gefen kwalin, 2½, a cikin ɗakina tun ranar da aka raba gado.