Gidan da babu zaure

Yawancin gidajen hayar da irinmu ke iya biya a Manchesta ba su da zaure. Mutum na murɗa makulli sai ya faɗa falo, da gajiyarsa da ɓacin ransa duka. A Zariya kafin Maigida ya iso ɗakina ya tsaya a majalisa, ya gaida Baba a zaure, ya leƙa ɗakin Inna. Ni kuma na riga na sauke nawa a tsakar gida wurin facaloli. Abin da ke isowa tsakaninmu ragowa ce kawai. A nan babu mai rage mana komai.

Na shigo a 2022, shekarar da Birtaniya ta buɗe wa masu kula da tsofaffi ƙofar biza. Mun yi sa'a mun zo da yara, domin daga Maris na 2024 an hana sababbin masu wannan biza tahowa da iyali. Aikin awa 12 ne, takwas zuwa takwas. Wahalar ɗaga mutum da yi masa wanka an san da ita. Wadda ba a faɗa ita ce ta kunne da ido da hanci: ƙararrawar kira da ba ta tsayawa, talabijin a kowane ɗaki, farar fitila mai kashe ido, warin maganin goge ƙasa da ke bin kaya har cikin bas. Maigida kuwa aikin dare yake yi a wani katafaren sito. Ina shigowa yana shirin fita, a ɗan wannan tsakani za a yi maganar haya da makarantar yara da saƙon gida. Faɗan da ake yi ba shi da kai ba shi da gindi. Yau a kan takalmi a bakin ƙofa, gobe a kan wa ya bar hita a kunne.

Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, da ta daɗe a unguwar Cheetham Hill, ita na kai wa kukana bayan Juma'a. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ƙanwata, mijinki bai canza ba. Kunnuwanki ne suka cika. Me kuke yi wa tsofaffin nan in sun rikice da yamma?"

Na san amsar, don an koya mana a wurin aiki. Masu cutar mantuwa sukan tada hankali gab da faɗuwar rana, kuma ba a yi musu gardama. Ana rage haske, a kashe talabijin, a sassauta murya, a ba su abu mai ɗumi su riƙe. Jikin mai lafiya ma haka yake. Hayaniya da gaggawa na sa shi zubo sinadaran adrenalin da kotizol, zuciya ta yi ta gudu, kuma jiki bai san an tashi aiki ba don kawai agogo ya nuna takwas. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙa tsawo, yana rage bugun zuciya. Manzon Allah (SAW) ma jiki ya fara kamawa a maganar fushi: wanda ke tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa.

Sai muka yi wa kanmu doka. In na shigo, sallama kawai. Waya na nan cikin aljihun rigar sanyi, da saƙonnin muryar WhatsApp ɗinta na masu neman a tura musu kuɗi. Zan cire kayan aiki, in yi alwala da ruwan ɗumi, in yi Isha'i a ɗakin da ƙaramar fitila kaɗai ke ci. Shi zai dafa shayi da citta da kanumfari, ya miƙo mini ba tare da tambaya ba. Sai kofin ya yi rabi ake magana. Da farko ya ɗauka gaba nake yi da shi. Sai ya ce mini, "Hajiya, laifin me na yi kuma?" Ya ɗauki lokaci kafin ya yarda shirun ba nasa ba ne.

Turaren wuta ya fi komai dawo mini da hankali, amma ya zo da rigimarsa. Ranar da na fara zuba shi a garwashi, na'urar gano hayaƙi ta silin ta tsala ihu, maƙwabciya Baturiya ta fito da rigar barci. Yanzu kaskon lantarki nake amfani da shi, ɗan kaɗan, taga a buɗe. Ƙamshin bai kai na garwashi ba, duk wanda ya ce ya kai bai san turare ba.

Haske ma sai da muka yi masa dabara. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, mutum ya fita da duhu ya dawo da duhu, shi ya sa hukumar lafiya ta NHS ke ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi. A Yuni kuma gari na da haske har bayan 10 na dare, dole muka saka baƙin labule mai kauri, wanda ya fi yi wa Maigida amfani tunda da rana yake barci.

Ba zan ce wannan ya biya haya ba, ko ya cire fargabar bizar da ke ɗaure da wurin aiki ɗaya. Manyan maganganu mun mayar da su ranar hutu, muna tafiya a filin shaƙatawa na Heaton, yara na gaba da keke, babu mai kallon fuskar wani. A nan muka raba kuɗin da ake turawa gidansu da gidanmu. Maganar komawarsa aikin rana ce har yanzu ba mu daidaita ba: na dare ya fi kuɗi, kuma in ya bar shi babu mai ɗauko yara daga makaranta.