Tuƙi da keken guragu ko sanda: abin da aikin gyaran mota da koyar da direbobi ya nuna

Duk wanda ya daɗe yana koya wa masu lalurar ƙafa tuƙi ya san cewa tuƙin kansa ba shi ne mai wuya ba. Cikin 'yan makonni hannu kan saba da aikin da ƙafa take yi. Inda ake shan wahala shi ne shiga mota, ɗora keke, da fitowa idan an isa. Mutumin da ya iya tuƙi amma sai an ɗaga masa keke zuwa but, har yanzu a jiran wani yake.

Motar ta zama otomatik, domin hannu biyu ba za su riƙe sitiyari da birki da totur da kuloci da giya a lokaci guda ba. Na'urar hannu da aka fi sani sanda ce da ake kafawa a gefen sitiyari: a tura gaba birki ya kama, a jawo baya totur ya ɗauka. An tsara ta haka da gangan, saboda in aka ci birki jiki gaba yake tafiya, sai nauyinsa ya ƙara danna birkin. Tunda hannu ɗaya ya tare a kan sandar, ɗayan yana buƙatar ƙululun da ake ɗaurawa a sitiyari don juya shi, kuma mai raunin yatsu akan sa masa mai ƙaho uku da ke riƙe tsintsiyar hannu. Sigina da hon su dawo kusa da yatsa. Na'urar wucin gadi da ake maƙalawa a feda da noti tana kwancewa a hankali saboda girgiza, don haka a gwada ta kowace safiya kafin motar ta motsa.

Gwajin da ke raba gardama shi ne birkin gaggawa. A fili marar mutane, direba ya ci birki da iyakar ƙarfinsa, a ga ko sandar ta kai ƙarshe ba tare da ta bugi dashbod ko gwiwa ba. A kuma tuna cewa idan inji ya mutu, birki yana ƙara tauri bayan dannawa ɗaya ko biyu, sitiyari ma ya yi nauyi, hannu kuwa bai kai ƙafa ƙarfi ba. Mai raunin laka da ƙafarsa ke zabura da kanta yana buƙatar murfin ƙarfe a kan feda, kada ƙafar ta taka totur ko ta shige ƙarƙashin birki bai sani ba. Wanda ƙafar dama ce kaɗai ta samu matsala akan sa masa totur na hagu, amma wannan sai da horo, musamman ga tsohon direban da ƙafar hagunsa ta saba dannan kuloci har ƙasa.

Wajen shiga ne kafaɗa ke cin wuya, ita kuwa kafaɗa ita ce ƙafar mai keke, in ta lalace komai ya tsaya. A ja kujerar mota baya, a matso da keke jikinta a karkace kamar digiri 30 zuwa 45, a kulle birkinsa, a juya ƙananan tayoyin gaba su fuskanci gaba don kada ya kifa. A zamo zuwa bakin matashi, a dafa kujerar mota da hannu ɗaya, a sunkuyar da kai ɓangaren da ake barowa. Yadda kai ya yi ƙasa, haka ɗuwawu ke tashi ya nufi ɗaya gefen. Kada a rataye a jikin ƙofa, tana motsi. Idan tazarar tana da faɗi ko hannu bai yi ƙwari ba, allon zamewa da ake shimfiɗawa tsakanin keke da kujerar mota ya zama gada, amma a ɗaga jiki kaɗan-kaɗan, domin jan fata a kansa yana buɗe gyambo. Shi ya sa mota mai tsayi daga ƙasa, duk kyanta, kan zama azaba: kujerar da ta yi daidai da tsayin keke ta fi.

Sai ɗora keken. Mai tayoyin da ake zarewa da maɓalli ya fi sauƙi: a cire matashi, a zare tayoyi ɗaya bayan ɗaya a ajiye a baya, a naɗe majingina, a kwantar da kujerar direba, a wuce da gangar jikin keken ta kan ƙirji zuwa kujerar gefe. Na alminiyam kan yi kusan kilo 10, na ƙarfe irin na asibiti kan doshi ninki biyu, kuma wannan bambancin ana ɗaga shi sau huɗu a kowace fita da dawowa. A ɗaure shi da bel. Gwajin karo na kekunan da ake zama a kansu cikin mota ana yin sa ne a gudun kilomita 48 a awa, inda nauyi ke ninkuwa sau 20. Kilo 10 ya koma 200 ke nan yana yawo a cikin mota. Sandar dogarawa ma kada a jingine ta kusa da ƙafa, takan gangara ƙarƙashin birki.

Wanda ba ya ji a ƙafa ya taɓa kujera da bakin ƙofa da hannu in mota ta sha rana, ƙuna ba ta sallama. A doguwar tafiya a riƙa tsayawa ana sauke nauyi daga mazauni. Ƙirji ya nisanci sitiyari da kamar santimita 25 saboda jakar iskar da ke buɗewa daga sitiyari in an yi karo. Hukumar lasisi da kamfanin inshora su san an sauya fasalin motar.

Wurin fakin kuwa a duba shi da idon dawowa. Ƙofa na son fili na mita 1.2 zuwa 1.5 kafin ta buɗe sosai keke ya tsaya a gefe, kuma ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya, don a gangare keke kan gudu da zarar an sake shi. Idan babu wurin da aka keɓe, a nemi na ƙarshen layi, gefen direba ya kalli inda wata mota ba za ta iya zuwa ta matse ƙofar ba.