Fasnif ya daina ɓata mini fate

'Yan uwa masu koyon girki a ƙasar sanyi, albishirinku! Jiya da daddare na sauke faten da na daɗe ina nema, tukunya ta tashi tas, har ƙanzo yara suka kankare. Fasnif ɗin nan, wata farar saiwa mai kama da karas, da ya hana ni sakat tun shigowar hunturu ya miƙa wuya.

Tsadar doya ce ta jefa ni wannan harka. Guda ɗaya na saya fam bakwai a shagon kayan Afirka, na kawo gida na yanka, sai ga rabinta ya yi baƙi daga ciki. Har yau in na tuna kuɗin nan raina ɓaci yake. Shi kuwa fasnif leda guda ba ta kai fam ɗaya ba, a makon Kirsimeti ma manyan kantuna kan karya farashinsa ya koma kusan kyauta, don gasasshensa na cikin abincin da mutanen Ingila ke ci a ranar. Niyyata kowane mako in ɗauki saiwa guda daga cikin na ƙasar nan in koyi sarrafa ta, in fara da fasnif, in bi da suwid, wata dunƙulalliyar saiwa mai ruwan ɗorawa a ciki, da bitirut, wata jar saiwa. Ina! Na farkon ya cinye lokacin duka, suwid ɗin yana can ƙasan firij yana jira.

Zaƙi ne ya tsaya mini a wuya. In aka fere shi aka zuba cikin ruwan fate yadda ake yi wa doya, kafin ya nuna ya gama sakin zaƙinsa cikin romo, ga wani ƙamshi mai ƙarfi da ke danne daddawa da busasshen kifi. Mutum ya ɗanɗana ya rasa fate ne ko kunu. Na ƙara attarugu, yaji ya tsaya gefe guda, zaƙi ya tsaya gefe guda, suka ƙi haɗuwa. Na ƙara gishiri da dunƙule, zaƙin ma ya ƙara fitowa fili. Ga siffarsa kuma, kai ƙato, jela siririya: jelar ta narke ta ɓace, kan yana nan da sauran tauri. Manyan ciki kuwa akwai wata zuciya mai zare a tsakiyarsu, komai daɗewa a wuta sai ta maƙale a haƙori. Akwai ranar da na zauna ina kallon tukunyar, manjan da nake tattali ya tafi a banza, wallahi kamar in yi kuka.

Abin da ya warware mini kai, hira ce da wani dattijon manomi a kasuwar ranar Asabar, wanda ke kawo nasa fasnif ɗin da ƙasa-ƙasa a jiki daga yankin Nofok a gabashin Ingila, inda ƙasa mai rairayi ke barin saiwa ta miƙe sambal. Na yi masa ƙorafin zaƙi, ya ce ai da gangan yake barin shi a gona har sai sanyi ya daskarar da raɓa, don sanyin ne ke mayar da sitacin cikinsa sukari. Wato abin da nake yaƙi da shi, shi ake nomawa. Shi fasnif ɗan uwan karas ne, asalinsa Turai da yammacin Asiya, tun zamanin Rumawa ake cinsa. Kafin sukarin rake ya wadata a Turai da shi ake zaƙaƙa abinci, kuma shi ne saiwar cika ciki a hunturu kafin Sifaniyawa su kawo dankalin Turawa daga tsaunukan Andis a ƙarni na 16. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ayaba ta ɓace daga kantunan Ingila, matan gida kan dafa shi su dama da ɗan ƙamshin ayaba su shafa wa yara a burodi. Abin da ya taɓa tsayawa a madadin ayaba, ta yaya zai yi aikin doya? Ni dai ina ganin duk mai girki ya kamata ya san inda abin da ke tukunyarsa ya fito. Ko rogon da muka taso muna ci da ƙuli, 'yan Fotugal ne suka tsallako da shi daga Burazil.

Ga yadda na yi jiya. Matsakaita na zaɓa, na bar manya. Na tsaga kowanne gida huɗu a tsaye, na sa bakin wuƙa na cire zuciyar, na yanka kai da jela su zo kauri ɗaya. Na tafasa minti biyar kacal, na zubar da ruwan, na bar shi a matsami har tururi ya gama fita. Daga nan na murza shi da man gyaɗa da yajin ƙuli, na baza a faranti ba tare da wani ya hau wani ba, obin digiri 200, kimanin rabin awa, da juyi ɗaya a tsakiya. Gefunan suka yi ja suka ɗan ƙanƙance, zaƙin ya kulle a ciki. Faten kuma da dankalin Turawa na yi shi, kashi biyu nasa, kashi ɗaya na fasnif, daddawa fiye da yadda na saba, alayyafo a ƙarshe, sai ruwan rabin lemon tsami bayan na kashe wuta. Gasasshen fasnif ɗin sai da za a zuba a kwano na juye shi a kai. Romo ya tsaya a romonsa, in haƙori ya faɗa kan fasnif sai zaƙi da yaji su fashe tare. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Masu ɗan fili a bayan gida da ke son shuka shi da bazara, ku sayi sabon iri, na bara ba ya tsira sosai, kuma ku sa safar hannu, ruwan ganyensa in ya taɓa fata rana ta buga yana tayar da bororo.

Tsamin lemon ya yi aiki, amma zuciyata na kan yakuwa, na san ita ce za ta fi dacewa da wannan fate. Duk wadda ta san inda ake samun ta a nan, ko busasshiya ce, don Allah ta sanar da ni.