Takobin da ya kasa yanke gashi ɗaya

Asabar, 17 ga Disamba, 2022

Yau Berserk ce ta cinye mini wuni, wato labarin zanen nan na Japan (manga) da Kentaro Miura ya ƙirƙira, wanda mataimakansa suka ci gaba da zanawa bayan mutuwarsa. Na biya shagon abokina tela bayan azahar don in karɓi wandon da na kai ragi, sai na tarar da shi ya ɗaga ƙafa daga kan keke, shi da wani ƙanin abokinmu mai karatun zane a jami'a sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba yaron ya ce, "Yaya, ka karanta babi na 371?" Na ce na karanta, har na koma na 370 na sake bi. Ya ce to in zauna, yau sai an yi ta ta ƙare.

Shi dai ransa a ɓace yake, kuma ba na ganin laifinsa. Ƙorafinsa na farko gaggawa ce. Ya ce masu karatu sun yi kusan shekara takwas suna jiran Guts, jarumin labarin, da mutanensa su sauka daga jirgin ruwan Roderick, sai a ƙarshen 2015 suka taka tsibirin da Elfhelm, ƙasar aljanu, take. Ga shi yanzu cikin 'yan babuka an ruguza tsibirin baki ɗaya, baƙin abin nan mai kama da kwalta ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa ya haɗiye komai, sarauniya Danan ta ɓace, Isma ta ɓace a gaban idon Isidro, babu wanda aka bari ya yi ban kwana yadda ya kamata. Na biyu kuma ƙarancin magana. Ya riƙa ture shafuka da babban yatsa yana cewa, "Duba nan, duba nan, shafi nawa babu mai cewa uffan. Da Miura ne, da Schierke, yarinyar nan mai sihiri, ta yi mana bayanin abin da ke faruwa, da Serpico ya faɗi abin da ke ransa. Wallahi Yaya, wannan kwarangwal ɗin labari ne kawai."

Telan bai damu da magana ba, shi zane yake kallo. Ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu har mayafin Guts ya cika fuskar wayar, sannan ya nemo wani tsohon shafi na zamanin Rundunar Shaho, sojojin hayar da Guts ya taɓa zama cikinsu, ya ajiye mana su gefe da gefe. A tsohon, kowane ninki na ƙyalle da siraran layuka aka cika shi, layi kan layi, wasu a gicciye, har inuwar ta yi nauyi kamar ka taɓa. A sabon akwai layukan, amma sun fi tazara, kuma fuskoki sukan ɗan sauya daga wannan shafi zuwa wancan, musamman ta Guts idan an zana ta daga gefe. Ya ce abin ya yi masa kama da babbar rigar da oga ya zana askarta, ya fara ɗinki ya kai rabi, sai yaran shago suka ƙarasa: zanen na oga ne, zaren ma iri ɗaya ne, amma wanda ya san hannu zai gane inda allura ta sauya. Sai dai ya ƙara da cewa shi bai ga rigar da za a ƙi sawa ba.

Na tuna musu cewa kukan sauyin fuska bai fara da mutuwar Miura ba. Tun lokacin da ya koma zane a kwamfuta, wajen 2015, mutane suke cewa fuskokin sun yi laushi, Casca, masoyiyar Guts, ta koma kamar yarinya. Kuma waɗannan mataimakan na Studio Gaga ba baƙi ba ne da aka kwaso daga titi. Shekaru suka yi a ƙarƙashinsa, su ne suka zana Duranki da aka fara a 2019 yana duba musu, kuma su ne suka ƙarasa babi na 364 da ya bari bai kammala ba.

Amma inda na fi tsayawa shi ne zancen ƙarancin magana, don a nan ne nake ganin yaron bai yi wa Kouji Mori adalci ba. Kentaro Miura ya mutu ranar 6 ga Mayu, 2021, yana da shekara 54, babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya ce ta yage masa. Ba a sanar ba sai ranar 20 ga watan. Labarin da ya fara tun 1989 ya tsaya cak a wuri mafi zafi: yaron nan mai dogon gashi da ke zuwa wa Casca a daren da wata ya cika ya rikiɗe ya zama Griffith, tsohon shugaban Rundunar Shaho da ya koma babban maƙiyin Guts, a gaban Guts ɗin, da hawaye a fuskarsa. Fiye da shekara guda kowa ya ɗauka nan ne ƙarshe. Sai a watan Yunin bana kamfanin Hakusensha ya sanar cewa za a ci gaba a mujallar Young Animal, Studio Gaga na zane, Mori na sa ido. Mori abokin Miura ne tun suna sakandare, shi ma mai zanen manga ne, shi ya yi Holyland. Ya bayyana cewa kusan shekara 30 da suka wuce, lokacin da Miura ke shirin zana Husufin nan, wato ranar da Griffith ya sadaukar da Rundunar Shaho ga dodanni, ya zaunar da shi ya ba shi labarin har ƙarshensa, kuma suka ci gaba da tattauna shi tsawon shekaru. Sannan ya gindaya wa kansa sharaɗi: abin da Miura ya faɗa masa kawai zai rubuta, ba zai yi ƙari ba, abin da bai tuna da kyau ba kuma ba zai taɓa shi ba.

To ka ga, shirun da yaron ke kuka da shi daga nan ya fito. Mori marubuci ne, da ya so da ya cika bakin Schierke da bayani, ya ba Danan jawabin ban kwana mai sa kuka, kuma da yawanmu ba za mu gane ba. Ya ƙi. Ya gwammace a ce aikin ya yi rama da a ce ya sa wa mamaci magana a baki. Ni wannan amana ce, kuma tana da tsada, don shi ne yake shan zagi a kanta duk ranar da babi ya fito. Idan na ga shafi ya wuce babu kalma, abin da nake karantawa shi ne: nan Miura ya ce abu kaza ya faru, bai faɗi yadda aka yi magana ba, mu ma ba mu ƙirƙira ba. Na fi natsuwa da hakan a kan in karanta shafi goma masu daɗi ina tambayar kaina wane layi ne na mai shi, wane ne na aro. Akwai wani abu kuma da ke taɓa ni. Miura da kansa ya sha faɗa cewa abotarsa da Mori tana cikin abin da ya gina alaƙar Guts da Griffith a kai. Mutumin da aka ɗebi wani yanki na rayuwarsa aka zuba a labarin, shi ne yau aka bar wa nauyin kai shi gida.

Yaron ya ce ya ji, amma akwai abin da ba zai taɓa haɗiyewa ba: Guts a kwance a ƙasan jirgi, ya kulle kansa, ya kasa ko ɗaga takobi. Ya ce mutumin da ya kashe sojoji ɗari shi kaɗai a dare guda, wanda ya datse hannunsa na hagu da guntun takobi a ranar Husufi don ya isa ga Casca, ba zai kwanta haka ba. Nan fa muka ɗaga murya har mai shagon kusa ya leƙo.

Na ce masa ya koma babukan farko na wannan ci gaban ya kalli faɗan a hankali. Griffith yana tsaye, ba sulke, ba makami, ko tufafi babu a jikinsa. Guts ya kawo sara da Dragonslayer, ƙarfen da ya fi mutum tsawo, wanda ya sha jinin dodanni har ya fara taɓa abin da takobin duniya ba ya taɓawa. Ya sara, ya sake sara, ƙasa tana tsagewa, iska tana tashi, Griffith bai ko ɗaga hannu ya kare ba. Ko gashi ɗaya bai yanke ba. Sannan Zodd, dodon da ke yi wa Griffith hidima, ya sauko ya tare Guts, Griffith ya ɗauki Casca, suka tashi sama yana kallo. Wannan ba irin kayen da Guts ya saba sha ba ne. An sha karya masa ƙashi, an sha zubar masa da jini, amma kullum akwai abin da zai ce wa kansa: in na ƙara ƙarfi, in na ƙara sara ɗaya. Mutum ne da aka tsinta a ƙarƙashin gawar uwarsa da aka rataye, ya tashi a hannun Gambino cikin sojojin haya, tun yana ƙarami da takobi yake kwana a rungume don shi kaɗai ne bai taɓa cin amanarsa ba. Mutane sun sayar da shi, sun yashe shi, ƙarfe bai taɓa yi ba. Ranar da ƙarfen ya gaza, me ya rage masa da zai tsaya a kai? Da ya miƙe washegari yana wasa takobi yana rantsuwar ɗaukar fansa, da a nan ne zan ce an kauce wa Miura. Kwanciyar nan ita ce abin da ya fi kama da hannunsa a duk babukan.

Telan ya goyi bayana a nan, yaron ya yi shiru amma bai sallama ba. Aka kira la'asar muka tashi. Bayan salla su biyun suka wuce gidan kallo don wasan neman na uku tsakanin Maroko da Kuroshiya, ni kuma na dawo gida. Na ji daga baya Kuroshiya ta ci 2 da 1.

Da daddare ne aka kawo mini hujjar da ta fi ta yaron nauyi. Ƙanwata da ta dawo hutu daga makaranta ita ma tana bin labarin, ko da yake mun yi yarjejeniya ba a barin wayar a hannun ƙananan gidan, don Berserk ba ta yara ba ce ko kusa, akwai kisa da cin zarafin da babba ma sai ya kau da kai. Na ba ta labarin musun shago tana tankaɗen gari. Ta ce, "Yaya, duk kun yi ta Guts da takobinsa, wa ya yi maganar Casca?"

Ta ce a lissafa. Matar nan ita ce ta riƙe Rundunar Shaho shekara guda cur lokacin da Griffith ke kurkuku, ana farautar su, ita ke ba da umarni. Bayan abin da Griffith ya yi mata a ranar Husufi hankalinta ya gushe, aka yi sama da shekara 20 ana buga labarin tana yawo ba ta magana, ana ja da ita daga gari zuwa gari. Sai da Schierke da Farnese suka shiga mafarkinta suka tattaro gutsattsarin tunaninta ɗaya bayan ɗaya, sannan a 2018 ta farka ta zama kanta. Ta yanke gashinta, ta sake riƙe takobi, ta gwada hannu da Isidro. Ko iya kallon Guts ba ta kai ga yi ba tukuna, don da ta gan shi abin da ya faru yake dawo mata. Wannan ciwon ne ƙanwata take jiran a bi a hankali. Sai ga shi an sake sungumar ta a sume, a hannun mutumin da ya lalata mata rayuwa, an sauke ta a Falconia, birnin Griffith. Ta ce, "An dawo mata da baki, ba a bari ta yi magana da shi ba."

Ban iya musa mata ba. Na ce dai na yi imani ɗaukewar tana cikin abin da Miura ya tsara, don yaron da Griffith ke raba jiki da shi ɗan Casca ne, kuma tun ran da Griffith ya kare ta daga faɗowar duwatsu a Tudun Takubba aka nuna jikin nan yana jan sa zuwa gare ta ko bai so ba. Ta ce ba ta ce ba tsarinsa ba ne, cewa ta yi a nan ne shirun Mori ya fi cutarwa. Guts ko bai yi magana ba an san abin da ke ransa, shekara 33 ana cikin kansa. Casca kuwa in ba a ba ta kalmomi ba, kaya ce kawai ake ɗauka daga hannu zuwa hannu. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce asarar da sharaɗin Mori ya jawo. Har yanzu ina tare da shi a kan ƙin ƙirƙira, amma ina fatan a cikin abin da Miura ya faɗa masa akwai Casca a farke cikin Falconia, tana tunani, tana neman hanyar fita da ƙafarta. Birnin ba ya rasa waɗanda suka san ta. Luca tana can, wadda ta ɓoye ta a sansanin 'yan gudun hijira a gindin hasumiyar Albion tana kiran ta Elaine.

Muna cikin haka ta jefo wata tambayar da ban taɓa haɗa ta da wannan faɗan ba. Rickert, ƙaramin cikin Rundunar Shaho, wanda bai ga Husufi ba, shi ne ya kafa wa matattun alamun kaburbura a Tudun Takubba da takubban da ya ƙera. Da ya je Falconia Griffith ya yi masa tayin komawa, sai ya ɗaga hannu ya sharara masa mari a gaban jama'a, kuma marin ya sauka. Ta ce yaya aka yi tafin hannun maƙerin yaro ya samu kumatun da Dragonslayer ya kasa taɓawa? Ko Griffith ne ya bari da gangan, ko kuwa wanda ke ɗauke da tambarin sadaukarwa a wuya, kamar Guts, ba shi da ikon cutar da wanda aka sadaukar da shi dominsa? In na biyun ne, to ƙarin ƙarfi ba zai amfani Guts da komai ba, kuma Casca ma tambarin ne a ƙirjinta.

Na tura wa telan da yaron tambayar kamar yadda ta yi ta. Yaron ya amso nan take cewa Griffith ne ya bari, don bai ɗauki Rickert a bakin komai ba. Telan ya ce shi sai ya koma ya duba shafin marin tukuna, ya ga yadda Miura ya zana idon Griffith a wurin, kuma kada kowa ya neme shi gobe sai an tashi wasan Ajantina da Faransa.