Fure mai rassa shida

Sapporo, Japan, daren Asabar.

Da hantsi na fito zan tafi zaman masu haiku (gajeriyar waƙar Japanawa) na unguwarmu, sai dusar ƙanƙara ta fara sauka a hankali, ko iska babu. Ƙwaya guda ta faɗo a hannun baƙar rigata. Na tsaya cak na ƙura mata ido. Rassa shida gare ta, kowanne da ƙananan reshe, sai ka ce aikin zare a wuyan babbar riga. Ina matso da fuskata, numfashina ya narkar da ita.

Da na isa na ba dattijuwar da ke jagorantar zaman labari. Ta yi murmushi, ta jawo saijiki ɗinta, wato kundin kalmomin yanayi, wanda bangonsa duk ya sha hannu. Ta nuna mini mutsu no hana, fure mai shida. Sunan abin da na gani ke nan. A haiku, gaɓoɓi 17 kawai mawaƙi yake da su, 5, 7, 5, saboda haka kalma guda, kigo, ita ke ɗauke da lokacin shekara gaba ɗaya. Ka ambaci wannan fure, sanyi ya shigo baitin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Japanawa suka rarrabe dusar ƙanƙara. Botan-yuki manyan ƙwayoyi ne masu laushi. Kona-yuki kamar gari take. Kazahana kuwa ƴan tsirarun da iska ke kwasowa daga nesa ne, alhali sama garau. Amma awayuki, mai narkewa da zarar ta taɓa ƙasa, ba ta cikin kalmomin sanyi, ta bazararsu ce. Mutanen da suka zauna suka lura da wannan, wallahi sun girmama halitta. Sai na tuna gida, inda faɗin hazo ko kaikayin gero ya isa a gane watan da ake ciki.

Da la'asar na bi ta Jami'ar Hokkaido, wurin wani dutsen tunawa mai kusurwa shida. Nan ne masanin kimiyya Nakaya Ukichiro ya fara ƙera ƙwayar dusar ƙanƙara a ɗakin gwaji a 1936, a kan silin gashin zomo. Dusa ta rufe rubutun, na share da safar hannuna.

Layi biyu na baitina sun samu. Na ukun na bar shi sai gobe, in Allah ya kai mu. Baƙar rigar tana rataye a bakin ƙofa.