Ƙannena masu shiga noman tumatir, ku daina dasa shi kamar albasa

Duk shekara da sanyi ya fara shigowa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai ka ga samari sun bazama noman rani, wani ya karɓi hayar fili a Kadawa, wani a Kura ko Garun Malam, wani kuma ɗan lambu ne a bayan gari da injin ban ruwa na aro. Abin sha'awa wallahi. Amma tambayoyin da suke min kusan iri ɗaya ne, wane iri zan saya, UC ko Roma ko haibirid ɗin nan mai tsada, wane taki, wane maganin feshi. Da wuya ka ji wanda ya tambayi zurfin da zai dasa, alhali ni a nan na fi tafka asara.

Ni da albasa na fara, kuma duk wanda ya yi albasa ya san ba a nutsa ta, ɗan dangwala ta ake yi a ƙasa don ta samu ta yi kai. Da na koma tumatir sai na tafi da wannan hannun, in sa yatsa in yi ɗan rami, in tura saiwar kawai in bar duk karan a waje. Ana sakin ruwa a fangali sai ya wanke ƴar ƙasar da ke gindin, saiwa ta fito fili, rana ta yi ka ga dashe ya yi yaushi ya kwanta, iskar hunturu kuma ta zo ta ƙarasa shi. Na yi ta cike gurbi ina zagin mai sayar da iri a raina, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Wani dattijo da muke maƙwabtakar gona shi ya tsuguna wata yamma ya tumɓuke guda ɗaya a nasa ya tumɓuke ɗaya a nawa ya jera min su a kan kunya, bai ce komai ba sai da na gama kallo. Nawa ƴar saiwa ce tsilli-tsilli a ƙarshen kara, nasa kuwa tun daga inda ƙasa ta rufe har ƙasa farar saiwa ce ta fito ta ko'ina kamar gemu. Sannan ya ce yaro, tumatir ai binne shi ake yi.

Ga abin da ke faruwa. Ka duba karan tumatir kusa da gindi, ba gashin nan mai laushi ba, za ka ga wasu ƴan ƙuraje-ƙuraje sun ɗan taso. To saiwa ce take jira. Duk inda karan ya haɗu da ƙasa mai danshi, cikin sati ɗaya zuwa biyu sai ta ɓullo ta wurin. Tattasai da attaruhu ba su kai shi saurin yin haka ba, shi ya sa ba a musu zurfi irin nasa. Sannan ita ƙwayar iri in ta tsiro, uwar saiwa guda ɗaya take fara turawa ƙasa a miƙe, in ba a taɓa ta ba kuma ƙasar mai laushi ce tana iya wuce mita ɗaya. Amma mu da muke reno a bedi mu cire mu dasa, a wajen cirewar nan kusan kullum sai mun tsinke ta, daga nan shukar ta koma dogaro da ƙananan saiwoyin gefe, kuma yawancinsu a santimita 30 na sama suke zama. Ka ga ke nan duk ɗan karan da ka ƙara binnewa ƙarin baki ka ba ta na shan ruwa da cin taki.

Yadda nake yi yanzu, iri ya kai sati 4 zuwa 5 a bedi, ya yi ganye na gaskiya 4 zuwa 6, tsayinsa kamar santimita 12 zuwa 15. Saura sati a cire sai in rage masa ruwa ya ɗan sha wuya ya yi ƙwari, ranar cirewa kuma in jiƙa bedin sosai don ya fito da ƴar ƙasarsa. Da la'asar sakaliya ake dashe, ba da tsakar rana ba, dan Allah. In nutsa shi har zuwa ƴan ganye biyun nan na farko masu santsi, in ya yi tsayi ma in tsinke su in kai har ƙarƙashin ganyen gaskiya na farko, in danne ƙasar da yatsu kar a bar rami a ciki, a ba shi ruwa a take. Kan shukar dai kar ka kuskura ka rufe shi. In kuma irin ya yi zalalo ya yi siriri, kar ka haƙa rijiya, ja ɗan dogon rami mara zurfi ka kwantar da karan a ciki ka bar kan a waje, kwana biyu uku zai miƙe da kansa ya nemi rana.

To amma fa ni ɗan zafin kai ne, da na ga abin ya yi kyau sai na zarce. Na gwada na damina a wata gona mai laka, na haƙa ramuka masu zurfi na zuba dashe ina jin na zama gwani. Aka yi ruwa kwana biyu a jere, ramukan suka zama tafki, ganye ya yi ɗorawa, da na ciro gindin ya yi baƙi yana wari. Saiwa numfashi take yi, iska take buƙata a cikin ƙasa, kuma tumatir ba ya jure kwanciyar ruwa ko kaɗan. Don haka zurfin da za ka yi a jigawa mai yashi ba shi za ka yi a laka ba. A laka ka yi kunya mai tudu ka dasa a kai, zurfi daidai wa daida, in ya kama bayan sati biyu uku sai ka yi masa banƙasa, ka tura ƙasa ta rufe gindin, zai ba ka sabuwar saiwar nan dai ba tare da ka jefa shi cikin ruwa ba.

Kuma kar wani ya ɗauki maganar binnewa ya kai ta wajen shuka ƙwaya, na ga wanda ya yi. Ƙwayar tumatir ƴar mitsitsiya ce, santimita 1 ya ishe ta, in ka wuce haka ƙarfinta zai ƙare kafin ta ga haske. A layi ake yafa ta, kar a cika, cunkoso ne ke sa iri ya yi zalalo.

Sai ban ruwa. Ɗan yayyafi kullum-kullum yana sa saiwa ta maƙale a sama tana jiran ka, gara ka ba shi ya sha ya ƙoshi ka ɗan bar ƙasar ta tsane. Baƙin gindin nan da ke kama ɗan tumatir ta ƙasa, da yawa suna ruga wa shagon magani, alhali ba ƙwaro ba ne, sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba, kuma galibi ban ruwan yau akwai gobe babu ne ke jawo shi. Takin zamani na NPK kuma ba a zuba shi a ramin dashe ya taɓa saiwa, haka ɗanyen kashin kaji, ƙonawa suke yi, ka bari ya kama ka sa a ɗan gefe ka rufe. In za ka yi noma kar ka kafta fartanya a gindi, duk saiwar da ka yanke ƙofa ce ga cutar da ke sa shuka ta yi yaushi tana kore shar ta mutu.

Ba wai zurfin dashe maganin komai ba ne. A 2016 da tsutsar Tuta absoluta ta afka wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina, mai saiwa da mara saiwa duk tare suka yi kuka, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Wannan wani yaƙin ne daban.

Bayan sati uku da dashe ka sadaukar da guda biyu, ka tono su a hankali ka wanke ka duba. In saiwar fara ce mai yawa, alhamdulillah. In ka ga ta yi ƙulli-ƙulli ta kumbura, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, sun fi yawa a ƙasa mai yashi, kuma baɗi kar ka maimaita tumatir ko tattasai ko yalo a wurin, sa masara ko dawa tukuna.