Ka canza filta tarakta ta ƙi tashi? Iska ce, ba famfo ba

Yanzu da anka fara shirin noman rani a fadamun Argungu da Suru da nan Birnin Kebbi kowa ya fiddo taraktarshi ana sabis, kuma abin da ke ci min rai shi ne yadda ake kashe batir da kik a banza bayan an canza filtar gas. Direba ya ɗaura sabuwar filta, ya murɗa makulli inji ya tashi ya ɗan yi ƙugi ya mutu, to shi ke nan sai ya danne kik har batir ya kwanta, daga nan a ce ai injekta famfo ne ya tafi a kwance a kai Sakkwato. Kuɗin mota, kuɗin gyara, ga masu gona na jiran haro. Alhali wallahi iska ce kawai ta shiga layin mai.

Injin gas ba ya da fulogi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sannan famfo ya turo mai da ƙarfin da zai buɗe nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, ya fesa, wuta ta kama da kanta. Mai ba ya matsuwa amma iska tana matsuwa, in akwai kumfa cikin fayif famfo na turawa tana lotsawa tana dawowa kamar soso, ƙarfin ba ya kai wa nozul. Ko ka kwana kana kik da wuya ta fita.

Mu ɗauki Massey Ferguson 375 tunda ita ta fi yawa a wajenmu, mai injin Perkins silinda 4. Daga tanki ake farawa a bi mai har nozul, ba a tsallake. Ka tabbata akwai gas sosai kuma makunnin ƙasan tanki a buɗe yake, ka sassauta notin da ke saman kan filta, sai ka kama ɗan hannun ƙaramin famfon jawo mai daga tanki da ke gefen inji kana dannawa. Da fari za ka ji fss fss, sai farin kumfa ya riƙa tsartuwa yana fashewa a gindin notin, kar ka yi gaggawa Malam, ci gaba har gas ya fito garau ba ƙwayar kumfa ko ɗaya sannan ka ɗaure kana cikin dannawa. In ka ji hannun ya yi sakwaf ba ya jan komai ba lalacewa ya yi ba, kam ne, wato ƙarfen cikin inji mai tura famfon, ya tsaya ya tokare shi, ɗan juya inji kaɗan zai kama.

Daga nan sai jikin injekta famfo, akwai ƙananan notuna biyu na fidda iska, na ƙasa tukuna sannan na sama. Waɗannan a hankali don Allah, ƙanana ne, yaro mai ƙarfin hannu yana iya murɗe su su karye a ciki, nan ne aiki ke zama babba.

In har yanzu bai tashi ba ka sassauta fayif biyu a bakin nozul, ka tura wayar kashe inji ciki, totur a buɗe, ka yi kik kamar daƙiƙa 10 ka bari ya huce. Da gas ya fara tsartowa ba kumfa ka ɗaure. Zai tashi yana rawa da ɗan farin hayaƙi, ba shi minti kaɗan zai daidaita. Kuma kar ka kai yatsa wurin don jin ko mai na zuwa, wannan man yana huda fata ya shige nama, abin asibiti ne ba wasa ba.

Masu jiƙa tsumma da fetur su kanga a bakin iyakilina, wato matatar iskar inji, kuwa ban yarda da su ba ko kaɗan, inji na tashi da bugu mai cin ringi da fistin, ga haɗarin gobara, kuma iskar tana nan inda take. Haka cika sabuwar filta da gas na jarka, dattin da ruwan da ke ciki na iya wucewa kai tsaye zuwa famfo ba a tace ba.

In ka fidda iska yau gobe da safe ta dawo, koma kan filta ka duba roba. Sau da yawa tsohuwar ta maƙale a sama anka ɗora sabuwa bisanta, ko ta karkace wajen ɗauri, ko woshan jan ƙarfe ya gaji, ko tiyo ya tsage yana zuƙar iska ba tare da ya ɗigar da mai ba.

Sabbin motoci masu kwamfuta irin Hilux na yanzu daban suke, matsin mansu ya haura bar 1,000 (bar ma'aunin matsi ne), ba a kwance musu fayif ɗin nozul sam. Akwai madanni a saman kan filta, shi za ka yi ta dannawa har ya yi tauri sannan ka tayar, in ta ƙi ka nemi makaniken da ke da na'urar dubawa.